Jirgin da Ba Zai Iya Tashi Ba Ranar Guguwa

Ƙarfin rundunar sojan sama, a yadda gwamnatoci suka saba bayyana shi ga jama'a, lissafi ne na yawan jiragen da aka sayo da irinsu da kuɗin da suka ci, alhali abin da kwamandan yaƙi yake buƙatar sani shi ne guda nawa ne daga cikinsu za su iya barin ƙasa yau idan aka ba da umarni. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lissafai biyu takan daɗe a ɓoye cikin takardun ofis, domin a lokacin zaman lafiya babu abin da ke tilasta wa runduna ta tayar da dukkan jiragenta a rana ɗaya. Abubuwa biyu ne ke kawo wannan tilas, wato harin ba-zata na abokan gaba da kuma guguwa, kuma ga mafi yawan rundunonin duniya guguwar ce ta fi yawan zuwa. Iska dai daga Allah take, babu mai jayayya da wannan, amma babban kaso na ɓarnar da ake jingina mata a sansanonin jiragen yaƙi an riga an share masa hanya tun kafin hadari ya haɗu, a sito ɗin kayan gyara da ya zama fanko, da rufin da aka yi ta ɗage gyaransa, da kasafin da aka karkatar zuwa abin da ya fi ɗaukar ido.

Babu inda wannan ya fito fili kamar sansanin Tyndall da ke bakin Tekun Meziko a arewa maso yammacin jihar Fulorida ta Amurka. Ranar Laraba 10 ga Oktoba 2018 mahaukaciyar guguwar teku da aka sa wa suna Michael ta afka wa gaɓar da iska mai gudun kusan kilomita 260 a sa'a, wanda ya sanya ta a mataki na 5, mafi girma a ma'aunin da masana yanayi ke rarraba irin waɗannan guguwowi da shi, kuma tsakiyarta ta ratsa ta kan sansanin kansa. Tun ranar Litinin aka ba da umarnin kwashe mutane, dubban sojoji da iyalansu suka fice, aka bar ƙasa da mutum ɗari su ga abin da zai faru, kuma ba a rasa rai ko ɗaya a cikin sansanin ba, wanda nasara ce da ta cancanci yabo. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A lokacin sansanin yana da jirage 55 samfurin F-22, jirgin yaƙin da Amurka ke tinƙaho da shi fiye da kowane wajen faɗan sama, kuma dokar da aka saba bi ita ce duk jirgin da zai iya tashi a kai shi nesa da hanyar guguwa. Waɗanda suka tashi akasarinsu sun sauka a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohayo. Guda 17 kuwa ba su tashi ba, aka tura su cikin rumfunan jirage, wato manyan ɗakunan ƙarfe da ake ajiya da gyara a cikinsu, aka ja ƙofofi, sannan guguwar ta zo ta yaye rufin wasu daga cikin rumfunan ta zubo musu da ƙarafa da ruwa.

Nauyin wannan adadi ba ya bayyana sai an san cewa jiragen F-22 da aka ƙera don aiki 187 ne kacal, an rufe layin ƙera su tun 2011, kuma kowane ɗaya ya ci kimanin dala miliyan 150 ban da kuɗin binciken da ya haifar da shi. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin goma na wani makami da ba a iya sayen madadinsa ko da kuɗi a hannu ya kwana ƙarƙashin rufin da ke ɓaɓɓalewa. Daga baya rundunar ta sanar da cewa ɓarnar ba ta kai yadda hotunan farko suka nuna ba, an gyara jiragen, kuma cikin makonni suka tashi suka bar sansanin. Wannan sa'a ce, kuma bai kamata a rubuta sa'a a shafin dabara ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya hana su tashi tun farko, tunda an sami kusan kwana biyu na gargaɗi. Amsar tana cikin wani ma'auni da sojojin sama ke kira adadin shirin aiki, wato kaso nawa ne na jiragen wani samfuri ke iya gudanar da aƙalla ɗaya daga cikin ayyukan da aka ƙera su domin su a kowane lokaci. A shekarun 2017 da 2018 wannan adadi ga F-22 yana yawo ne a wajen rabi, ma'ana a kowace safiya kusan jirgi ɗaya cikin biyu yana da wata larura. Wani an buɗe cikinsa domin binciken da ake yi bayan ya cika wasu sa'o'in tashi, an sauke injinsa, ba kuma za a iya haɗa shi cikin kwana biyu ba. Wani yana jiran wani ƙaramin abu da kamfanin da ke yin sa ya daina yi. Wani kuma ana gyaran fatarsa, domin jikin F-22 lulluɓe yake da wani shafi na musamman mai shanye siginar rada, na'urar da ke hango jirage daga nesa, kuma wannan shafi sai an kankare shi kafin a buɗe wasu ƙofofin jikin jirgin, sannan a sake shafawa a jira ya bushe. Akwai kuma wata al'ada da kowace rundunar sama ta sani ko da ba ta son ambatonta: idan kayan gyara suka yi wuya, sai a zaɓi jirgi guda da ya riga ya kwanta a riƙa kwance kayansa ana ɗaura wa 'yan'uwansa, kamar yadda bakanike ke yi da motar da mai ita ya daɗe bai waiwaye ta ba, har a wayi gari abin da ya saura a rumfa gangar jiki ce mai lamba. A takarda jirgin yana nan cikin lissafi, amma ranar da aka ce kowa ya tashi sai ya zama kaya.

Abin mamaki, a watan Satumba na 2018, makonni kaɗan kafin guguwar, Sakataren Tsaron Amurka na lokacin, James Mattis, ya ba da umarnin a ɗaga adadin shirin aiki na manyan jiragen yaƙi huɗu, har da F-22, zuwa kashi 80 cikin 100 a cikin shekara guda. F-22 bai kai wannan mizani ba. A watan Yuli na shekarar kuma ofishin da ke bincikar ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto yana cewa rarraba jiragen F-22 zuwa ƙananan rukunoni yana rage yawan waɗanda ke samuwa don aiki. Bayan guguwar aka raba jiragen rukunin yaƙi na Tyndall ga sansanonin Bajiniya da Alaska da Hawai, rukunonin can suka ƙara girma, wato gyaran da rahoto ya nema sai da iska ta tilasta shi.

Duk da haka, mayar da hankali kan jirage kaɗai yana ɓoye mafi girman asarar. Jirgin yaƙi na zamani ba ya aiki sai da tarin abubuwan da ba sa tashi: titin sauka da tashi da fitilunsa, da hasumiyar da ke ba da izini, da tankunan mai da famfunansu, da ma'ajiyar makamai, da ɗakunan gwada na'urori masu buƙatar sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, da na'urorin kwaikwayon tuƙi waɗanda matuƙa ke koyon aiki a cikinsu ba tare da ƙona mai ba. A Tyndall kusan babu ginin da ya tsira lafiya, gidajen iyalai suka zama ba sa zaunuwa, garin Panama City da ke maƙwabtaka, inda ma'aikata da yawa ke haya kuma 'ya'yansu ke makaranta, shi ma ya sha kashi. Injiniyan da ya san kan F-22 shekaru ake ɗauka kafin a samar da shi, kuma idan ba shi da inda zai ajiye iyalinsa, jirgin da aka tsirar zuwa Ohayo ba shi da wanda zai dawo wa. An kiyasta sake gina sansanin a kan kusan dala biliyan 5, kuma jiragen F-22 ba su koma can da zama ba.

Asarar ba ta tsaya a Fulorida ba. Kafin Majalisar Dokoki ta amince da ƙarin kuɗi, rundunar ta riƙa ɗibar kuɗin share baraguzai daga asusun gyare-gyaren sauran sansanoninta, har a watan Maris na 2019 Sakatariyar Sojan Sama Heather Wilson ta sanar da dakatar da ayyuka 61 a jihohi 18, sai a watan Yuni aka zartar da dokar agajin. A daidai wannan lokaci rundunar da kanta ta amsa cewa gyare-gyaren gine-ginen da ta yi ta ɗagewa sun taru sun kai kimanin dala biliyan 33. Guguwa ɗaya a kudu ta hana gyaran rufi a sansanonin da ba su ga ko yayyafinta ba, waɗannan rufin kuma su ne za su tari guguwa ta gaba.

A cikin wannan watan na Maris 2019 ne kogin Misuri ya cika ya tumbatsa, bayan ruwan sama mai yawa ya sauka kan ƙasar da ta daskare da dusar ƙanƙara mai narkewa, ya mamaye kusan sulusin sansanin Offutt da ke jihar Nebaraska, inda hedikwatar rundunar da ke kula da makaman nukiliyar Amurka take, ya kuma shanye wani ɓangare na titin jirage. An samu an fitar da jiragen leƙen asiri da ke wurin, amma gine-gine da na'urorin horo sun nutse. Tun ambaliyar 2011, wadda ta zo dab da sansanin, aka san cewa jingar da ke tare kogin, wato tudun ƙasar da aka gina a bakinsa, ta yi gajarta. Hukumar yankin ta tsara ɗaga ta, neman izini ya ɗauki shekaru, kuma ruwan ya iso kafin a fara aikin. Kuɗin ɗaga jingar miliyoyi ne na goma-goma, kuɗin gyaran ɓarnar kuwa ɗaruruwan miliyoyi. Ba ƙarancin ilimi ba ne ya jawo wannan, domin kowa ya san haɗarin kuma an rubuta shi. Aikin ne ba shi da uban da zai tsaya masa, tunda jinga ba ta cikin abubuwan da janar ke samun lambar yabo a kansu ko ɗan majalisa ke yanke kyallen buɗe su a gaban 'yan jarida.

Darasin ma ba sabo ba ne. A watan Disamba na 1944 guguwar teku ta rutsa da rundunar jiragen ruwa ta Admiral William Halsey a gabashin Filifin, ta nutsar da jiragen ruwan yaƙi uku, ta kashe mutum kusan 790, ta hallaka jiragen sama sama da 140 a kan jiragen dakonsu. Ranar 1 ga Satumba 1952, ranar hutun ma'aikata a Amurka, wata guguwa ta faɗa wa sansanin Carswell da ke Fort Worth a jihar Tekzas ta lalata kusan kashi biyu cikin uku na jiragen B-36, waɗanda a lokacin su ne ke iya ɗaukar bam ɗin nukiliya daga Amurka zuwa Tarayyar Sobiyat, a tsakiyar yaƙin Koriya. Abin da Sobiyat ba ta da ikon yi, iska ta yi shi cikin mintoci, saboda an tara jiragen wuri ɗaya a fili. Sa'ar da aka yi ita ce masana'antar Convair da ke ƙera su tana tsallaken titin jiragen, aka dawo da kusan dukkansu bakin aiki cikin watanni, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jin jiki kuma aka mayar da shi jirgin gwajin ɗaukar tukunyar nukiliya a sama. A ranar 24 ga Agusta 1992 guguwar Andrew ta rusa sansanin Homestead a kudancin Fulorida, wanda bai sake komawa matsayinsa na dā ba.

Akwai labari ɗaya da ya fi sauran amfani, domin yana nuna abin da shiri ke iya yi. Ranar 20 ga Maris 1948 wata guguwa mai jujjuyawa, irin wadda ke saukowa daga hadari kamar igiya ta murɗe duk abin da ta taɓa, ta ratsa sansanin Tinker a jihar Okalahoma ba tare da gargaɗi ba, ta yi ɓarnar kimanin dala miliyan 10. Aka umarci jami'an yanayi biyu na sansanin, Manjo Ernest Fawbush da Kyaftin Robert Miller, su binciki ko ana iya hango irinta. Kwana biyar bayan haka suka ga alamun sama sun sake haɗuwa kamar na ranar farko, suka yi kasada suka ba da gargaɗi, wanda ake ɗauka shi ne hasashe na farko na irin wannan guguwa da ya tabbata. Aka tura jiragen da za su shiga rumfa, aka ɗaure sauran, aka kwashe tarkacen da iska za ta iya ɗauka, mutane suka fake. Guguwar ta zo da yammacin ranar, ta sake yin ɓarna ta miliyoyi, amma ƙasa da ta farko, kuma ba a rasa rai ba. Abin lura shi ne hasashen ya yi amfani ne saboda akwai tsarin da aka rubuta na abin da kowa zai yi idan ya ji shi.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin guguwa da guguwa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta teku ana ganin tahowarta daga tauraron ɗan'adam kwanaki kafin ta iso, don haka gudu yana yiwuwa, kuma abin da take jarrabawa shi ne lafiyar jirage. Ƙanƙara da iskar da ke faɗowa daga hadarin tudu kuwa mintoci suke bayarwa, wani lokaci sa'a ɗaya ko biyu, babu zancen tayar da jirage hamsin, abin da suke jarrabawa shi ne rufi da igiya da saurin hannun ma'aikata. A watan Afrilu na 2013 ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci kaɗan ya lalata jirage masu saukar ungulu sama da 80 na sojan Amurka a filin Kandahar da ke Afganistan, asarar da 'yan Taliban ba su taɓa yi musu irinta a rana ɗaya ba. A watan Fabrairu na 2016 ƙanƙara ta bugi mafi yawan jiragen horo na sansanin Laughlin a Tekzas, horon matuƙa ya samu tsaiko. Ɓarnar ƙanƙara ba ta da ban tsoro a hoto, 'yan lotsawa ne a jikin ƙarfe da tsagewar gilashi, amma farfelar jirgi mai saukar ungulu sirara ce mai raga-raga a ciki, lotsawa ɗaya na iya raba fatarta da cikinta, kuma sai an bi kowace farfela taƙi bayan taƙi ana ƙwanƙwasawa ana saurare kafin a yarda jirgin ya ɗauki mutane. Ruwan gishiri ya fi haka mugunta, domin yana shiga mahaɗan wayoyi ya kwanta, tsatsarsa ba ta bayyana sai bayan watanni; igiyar ruwan teku da ta biyo bayan girgizar ƙasar Japan ta 11 ga Maris 2011 ta shanye jirage 18 samfurin F-2 a sansanin Matsushima, aka yi shekaru ana gyaran 13, sauran biyar aka haƙura da su.

Irin guguwa ta biyu ita ce ta yankin Sahel, kuma ta riga ta nuna abin da take iyawa. Ranar 1 ga Yuli 2017 iska da ruwa suka faɗa wa babban sansanin sojan saman Chadi a filin jirgin Njamena, rumfunan da aka rufe da tamfol suka kasa jurewa, jirage masu saukar ungulu uku suka lalace, tare da jiragen yaƙi samfurin Su-25 da MiG-29 da wani ƙaramin jirgin sufuri. Wannan ita ce rundunar da ta rufa wa dakarun Chadi baya a 2015 lokacin da suka tsallaka zuwa Gamboru da Dikwa da Damasak suna fatattakar Boko Haram, a birnin da hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi take, kuma abin ya zo a lokacin da faɗuwar farashin man fetur ta ƙuntata aljihun gwamnatin ƙasar. Amurka ta iya jure kwanciyar jirage 17 saboda tana da dubbai, amma ga rundunar da jiragen yaƙinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, yammaci ɗaya ya isa ya rage mata kaso mai tsoka.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan hadari: yakan haɗu a gabas da la'asar a farkon damina, gari ya yi tsit, sannan iska mai ƙura ta riga ruwan isowa, kuma ita ce ke yaye kwanon rufi. Masana yanayi sun bayyana cewa jerin hadurra ne da kan tsiro a kan tsaunuka irin na Filato da Azbin da Darfur, su yi sahu su nufi yamma, sanyayyar iskar da ke zubowa daga cikinsu tana gudu a gabansu. Wasu daga cikin rikice-rikicen iskar da ke ɗauke da su ne ma ke faɗawa Tekun Atalantika su rikiɗe su zama guguwar teku, kuma Andrew da ta rusa Homestead daga gaɓar Afirka ta Yamma ta samo asali. Abin da injiniyan gini ya sani, wanda mai ba da kwangila kan manta, shi ne ƙarfin da iska ke bugun bango da shi yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, don haka rumfar da ta yi shekara goma tana jure iskar yau da kullum ba ta tabbatar da komai ba. Mafi raunin rumfar jirage ƙofarta ce, saboda faɗinta. Da zarar ƙofa ta ɓalle iska ta shiga, sai ta riƙa tura rufin daga ciki yayin da wadda ke wucewa ta sama ke tsotso shi, ya tashi gaba ɗaya ko ya rufto. Shi ya sa rumfa mara ƙarfi ta fi fili haɗari, domin jirgin da aka juya hancinsa ya fuskanci iska, aka cika tankinsa don ya yi nauyi, aka sa waigi a tayoyinsa, aka ɗaure shi da sarƙa a zoben da ke cikin kankare, aka toshe bakin injinsa aka kulle fukafukansa masu motsi, yana iya tsira daga abin da zai hallaka ɗan'uwansa da ginshiƙin ƙarfe ya faɗo wa. Rumfar tamfol an yi ta ne don rana da ƙura, kuma tana da amfani a nan, laifin na wanda ya ɗauke ta mafakar guguwa ne.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa babu ƙasar da za ta iya gina wa kowane jirgi ɗakin kankare, kuma kuɗin da aka zuba a gini an cire shi ne daga mai da horo da albashi. Suna kuma cewa tara jirage iri ɗaya a sansani ɗaya shi ne mafi arha, tunda kayan aiki ɗaya da ƙwararru ɗaya da sito ɗaya za su wadatar. Game da Tyndall kuwa suna nuna cewa sararin samaniyar da ke kan Tekun Meziko fili ne na atisaye da harba makamai wanda babu kamarsa a gabashin Amurka, shi ya sa aka sake gina sansanin a inda yake, da sharaɗin sababbin gine-gine su jure iskar kilomita 265 a sa'a, aka kuma fara kai jiragen F-35 can a 2023. Hujjar wurin atisaye tana da ƙarfi, ko da yake ba a rasa hannun 'yan siyasar jihar da ba za su yarda a ɗauke musu sansani ba. Hujjar arha kuwa rabin lissafi ce, domin tana ƙirga abin da ake tarawa kowace shekara ta bar abin da ake asara a rana ɗaya. Kuma ba kowane jirgi ne ke buƙatar ɗakin kankare ba. Abin da Tyndall ya koyar shi ne a kowace rana akwai wani kaso da aka san ba zai iya tashi ba, ana iya kiyasta shi daga bayanan gyara, kuma wannan kason ne ya wajaba a tanadar wa rumfa mai ƙarfi. Kuɗin ma ba na guguwa kaɗai ba ne, domin harin da Yukiren ta kai da ƙananan jirage marasa matuƙa kan manyan jiragen Rasha da ke ajiye a fili ranar 1 ga Yuni 2025 ya nuna cewa rufi da rarraba jirage maganin cuta biyu ne.

Najeriya tana da dalilin duba wannan da idon basira, saboda tsarin jiragenta ƙananan rukunoni ne na samfura daban-daban. Jiragen Super Tucano 12 da suka fara isowa a 2021 gidansu Kainji ne, jiragen JF-17 da aka ƙaddamar a Makurdi a shekarar guda uku ne, wanda ke nufin rufi ɗaya na iya ɗauke sulusinsu ko dukkansu. Abin yabo ne cewa cinikin Super Tucano ya haɗa da gina rumfuna da ma'ajiyar makamai da sauran kayan aiki a Kainji, kuma wannan ya kamata ya zama ƙa'ida a kowane ciniki, ba alfarmar da ake samu idan mai sayarwa ya nace ba. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta mamaye babban ɓangaren Maiduguri, ta tuna wa masu tsara tsaro wani ɓangaren na daban, wato sansani ba tsibiri ba ne, tankokin mai ta hanyoyin gari suke zuwa, ma'aikata da iyalansu a unguwannin gari da yawansu suke kwana.

Adadin jiragen da ke iya tashi sirrin tsaro ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a buga shi a jarida, amma kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya suna da ikon jin sa a zaman sirri, kuma tambayoyin da suka kamata ba su da wuyar tsarawa: daga cikin kowane samfuri guda nawa ne za su iya barin sansani cikin sa'o'i 48, waɗanda ba za su iya ba ina za su fake, wane gudun iska aka lissafa wa kowace rumfa kuma yaushe injiniya ya duba ƙusoshinta da ƙofarta, mintoci nawa ke tsakanin gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta NiMet ko jami'in yanayi na sansani da ɗaure jirgi na ƙarshe, kuma an taɓa gwada hakan a ranar hutu ko da dare. Lokacin waɗannan tambayoyi watannin Fabrairu da Maris ne, kafin hadarin farko, wanda ke nufin kuɗin duba rumfuna da share magudanan ruwa dole ne a sake su a farkon shekarar kasafi, ba a watannin ƙarshe da aka saba sakin kuɗin manyan ayyuka ba, lokacin da damina ta riga ta wuce.